Karyayyar ƙafar kare da darasin da ke cikinta ga Arewa

A kan kwaltar da ta ratsa Dogon Dutsi, daga Doso zuwa Birnin Ƙonni, mota ko kabu-kabu kan banke karen mafarauci ko na makiyayi. In karayar mai sauƙi ce, mai ɗori zai jera karan dawa, ya ɗaure da tsumma, kuma sau da yawa ƙashin ya kama. Amma in ya dagargaje, wani yanki ya fita, ciwon ya ruɓe, bakunan ƙashin biyu ba sa iske juna. Ƙafar sai ta riƙa reto, kare yana jan ta cikin ƙura, ƙuda na bin sa, har ya mutu. A ganina, binciken da ake yi don cike irin wannan giɓi ya shafe mu kai tsaye, ko da yake da yawa za su ce aikin masu kuɗi ne.

Tun 1965 wani likitan Amurka, Marshall Urist, ya dasa ƙashin da aka cire wa ma'adinai cikin tsokar zomo, sai sabon ƙashi ya tsiro a wurin. Daga nan aka gano sinadarin da ke umartar jiki ya gina ƙashi, wanda ake kira BMP, kuma a 2002 Amurka ta amince a yi wa mutane aiki da shi. Sinadarin shi kaɗai ba ya zama wuri ɗaya, dole a jiƙa shi cikin wani abu mai kama da soso, a cusa a giɓin, a tallafe da ƙarfe. A 2017, a jami'ar Glasgow, da wannan sinadarin aka ceci ƙafar wata karya mai suna Eva da mota ta kaɗe, wadda giɓin santimita 2 ya ƙi haɗuwa har ana shirin yanke ƙafar. Abin lura, ƙungiyar agaji ta shahararren ɗan ƙwallon Ingila Bobby Charlton ce ta ɗauki nauyin binciken, domin mutanen da nakiya ta raunata. Ƙasar da nakiya ke tashi da mutane a Tilaberi da Diffa bai kamata ta kawar da kai ba.

Wani zai ce kare ƙazanta ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta ajiye shi don farauta da tsaron garke da gona. Maganar tsada kuwa gaskiya ce: manomin Tibiri ba zai sayi BMP ba, kuma in aka zuba shi da yawa yana kawo kumburi, ya tsirar da ƙashi inda ba a so. Sai dai ba dukan aikin ne ke da tsada ba. Ana sarrafa ƙashin saniya, a tsabtace shi sarai, ya zama madogarar da sabon ƙashi ke bi, kuma mahautanmu sau da yawa zubar da shi suke yi. Wanke ciwo da wuri da hana shi ruɓewa ma shi ne rabin maganin.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da asibitin koyar da likitancin dabbobi, makarantar likitancin dabbobi ta Dakar kuma ta daɗe tana horar da likitocinmu. Hukumomin kiwo na jihar Doso su tura matasan Arewa su koyo tiyatar ƙashi, su kuma zauna da masu ɗori a nuna musu karayar da ta fi ƙarfin kara da tsumma.