Kafin Ɗan'uwa Ya Sayo Ƙaton Kare



Yau ba abin mamaki ba ne matashi a Kafin Hausa ko Haɗeja ya ga hoton wani ƙaton kare a waya, a ce masa sunansa Boerboel ko Rottweiler ko Pitbull, sai ya ɗaura aniyar shi ma sai ya mallaki irinsa. In aka tambaye shi dalili sai ya ce tsaro. To, me za a tsare, kuma wa za a ciza?

Musulunci bai haramta kare gaba ɗaya ba. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun yarje wa mutum ya riƙe kare don kiwo ko farauta ko tsaron gona, amma wanda ya ajiye shi ba don ɗayan waɗannan ba, to kullum ana rage masa wani kaso mai girma na ladarsa. Ke nan makiyayin da ke kwana da shanunsa a fadamar kogin Haɗeja, da manomin da dabbobin daji ke yi wa ɓarna, da mafaraucin da ke neman abincinsa, duk suna da hujja. Kuma karnukan gida da suka gada tun kaka da kakanni sun wadatar da su: suna jure zafin bazara, suna cin abin da aka rage, suna yin haushi in baƙo ya matso.

Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, cewa ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi kuma ya ji tsoro, ya kafa hujja da canjin zamani. Masu son ƙaton kare kan so wannan labari ƙwarai. Sai dai shi Malam larura ce ta sa shi, ba don ya ja kare da sarƙa ya ratsa kasuwa a kalle shi ba.

Boerboel kare ne daga Afirka ta Kudu, namijinsa kan wuce kilo 60, wato ya fi matasa da yawa nauyi. Irin wannan dabba tana buƙatar horo tun tana ƙarama, da katanga mai tsawo, da nama, da likitan dabbobi. Gidajenmu kuwa a buɗe suke, zaure a buɗe, almajiri ya shigo, yarinya mai talla ta shigo, ɗan maƙwabci ya biyo akuyarsu ya shigo. Kare bai san wanda ya yi sallama da wanda ya tsallako katanga ba. Su kansu Turawan da ake kwaikwayo, a Ingila tun 1991 suka yi dokar da ta hana mallakar Pitbull sai da izini na musamman, a 2024 kuma suka ƙara da wanda ake kira XL Bully, bayan ya yi ta kashe mutane.

Sannan ga cutar haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Duk mai kare, ƙato ko na gida, wajibi ne ya yi masa allurar rigakafi a kan kari. Wanda aka ciza kuma a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti ranar, kada a tsaya neman maganin gargajiya.

Abin da ya fi nauyi shi ne hakki. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa wanda ya ajiye kare mai cizo inda ba a yarje masa ba, ko aka gargaɗe shi ya yi biris, to ramuwar duk abin da karen ya ɓata tana wuyansa, in rai ne a yi maganar diyya. Ɗan'uwan da kuɗin makarantarsa ma sai an haɗa masa, da me zai biya? Kuma da wace fuska zai haɗu da uban yaron a sahun Asuba?