Kujerar Majalisa Ta Mutanen Mazaɓa Ce

A watan Mayu na 1999 Nijeriya ta koma mulkin farar hula, kuma tun daga lokacin babu wata Majalisar Tarayya da ta ƙare shekarunta huɗu da kamannin da ta fara da su. Ana rantsad da sanatoci 109 da wakilai 360, amma kafin a kai ƙarshen wa'adi sai a tarar wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kotu ta fid da su, wasu abokan zamansu sun dakatar da su, da yawa kuwa suna nan bisa kujerunsu amma sun sauya riga. Sauya sheƙar da sanatocin Jihar Kebbi uku suka yi daga PDP zuwa APC a watan Mayu na 2025 ta sake tayar da wannan tsohuwar magana. To, amma wanda yake son ya ga ciwon a fili, sai ya waiwayi Majalisa ta Takwas, wadda ta zauna daga 9 ga Yuni, 2015 zuwa Yuni na 2019, domin littafinta ya rufe, kuma kowane irin canji ya auku a cikinta.

A fara da wanda ba ya hannun kowa, watau ajali. Sanata Isiaka Adeleke na Osun ta Yamma ya rasu a watan Afrilu na 2017, aka yi zaɓen cike gurbi a watan Yuli, ƙanensa Ademola Adeleke ya ci kujerar a ƙarƙashin PDP, alhali kuwa marigayin ɗan APC ne. A 2018 aka yi rashin Sanata Ali Wakili na Bauchi ta Kudu a watan Maris, da Sanata Mustapha Bukar na Katsina ta Arewa a watan Afrilu. Ba a cike guraben biyu ba sai 11 ga Agusta. Waɗanda suka ci, Lawal Yahaya Gumau da Ahmad Babba Kaita, dukkansu 'yan Majalisar Wakilai ne a lokacin, saboda haka hawansu Majalisar Dattijai ya buɗe waɗansu guraben biyu a Toro da kuma Kankia, Kusada da Ingawa, aka sake kiran jama'a rumfunan zaɓe a watan Nuwamba. An yi jinkiri, tunda sashe na 76 na Tsarin Mulki kwana talatin ya ɗiba wa cike gurbi. Duk da haka akwai abin lura: a nan an mai da magana ga masu ita. Mutanen Osun ta Yamma sun juya wa jam'iyyar marigayin baya, mutanen Katsina ta Arewa da Bauchi ta Kudu sun riƙe tasu, kuma babu mai cewa an yi wa wani fashin ƙuri'a a bayan idonsa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kotu, kuma a nan abin ya fara muni. A watan Disamba na 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen sanatocin Jihar Ribas duka uku. Zaɓen da aka sake a watan Maris na 2016 ya watse saboda tashin hankali, ba a kammala shi ba sai 10 ga Disamba, bayan da Majalisar Dattijai da kanta ta yi barazanar daina zama idan Hukumar Zaɓe ba ta yi shi ba. Ke nan jihar da take cikin manyan masu samar da man fetur ta shekara guda babu murya ko ɗaya a Majalisar Dattijai, aka zartar da kasafin kuɗin 2016 ba tare da ita ba.

Na Anambra ta Tsakiya ya fi haka. Ita ma a Disamba na 2015 kotu ta soke zaɓen Sanata Uche Ekwunife, ta ce a sake cikin kwana 90. Sai aka shiga sabuwar shari'a a kan ko PDP tana da ikon tsai da ɗan takara a sabon zaɓen, wannan kotu ta ce haka, waccan ta ce ba haka ba, har sai 13 ga Janairu, 2018 aka yi zaɓen, Victor Umeh na APGA ya ci. Fiye da shekara biyu cikin huɗu kujerar tana hoto. Tsarin Mulki ya ba kotun sauraron ƙarar zaɓe kwana 180, ya ba kotun ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma ya ce a kan zaɓen 'yan majalisa maganar Kotun Ɗaukaka Ƙara ita ce ta ƙarshe. Amma lauyoyi suka sami hanyar baya ta kotunan yau da kullum, inda a wancan lokaci ba a ƙayyade wa irin waɗannan ƙararraki lokaci ba. Gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2018, wanda ya sa wa ƙararrakin gabanin zaɓe iyakar kwana 180, ya rage wannan ɓaraka, sai dai ya zo bayan mutanen Anambra ta Tsakiya sun riga sun yi asarar da ba mai biyansu.

Akwai kuma kujerun da suke da masu su a takarda, amma babu kowa a kansu. Majalisar Wakilai ta dakatar da Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji a watan Satumba na 2016 bayan rikicin cushe a kasafin kuɗi, bai koma ba sai Maris na 2018. Majalisar Dattijai ta dakatar da Ali Ndume na Borno ta Kudu wata shida a 2017, a daidai lokacin da mazaɓarsa take fama da 'yan gudun hijira. A duka biyun kotu ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka, amma hukuncin ya fito ne bayan an gama cin wa'adin ko ana gab da gamawa. Sanata Joshua Dariye na Filato ta Tsakiya kuwa an ɗaure shi a watan Yuni na 2018, ya ƙare wa'adinsa yana sanata daga gidan kurkuku. Gaskiya ne doka tana ba wanda ya ɗaukaka ƙara kariya har a gama shari'arsa, kuma hakkinsa ne. Amma ina hakkin manomin Bokkos ko Mangu, wanda bai ci kuɗin kowa ba, aka kuma bar shi shekara guda babu wakili?

Duk waɗannan ƙananan al'amura ne idan aka gwada su da abin da ya faru ranar 24 ga Yuli, 2018. A ranar Shugaban Majalisar Dattijai, Bukola Saraki, ya karanta takardar sanatoci 14 da suka bar APC, cikinsu har da Rabi'u Musa Kwankwaso da Barnabas Gemade da Dino Melaye da Suleiman Hunkuyi. A Majalisar Wakilai mutum 37 suka bi sahu, galibinsu zuwa PDP. Mako guda bayan haka Saraki da kansa ya fice. Ba a yi kwana goma ba shugaban marasa rinjaye, Godswill Akpabio, ya bi hanya ta komawa, daga PDP zuwa APC. Daga baya Kakakin Majalisar Wakilai, Yakubu Dogara, shi ma ya koma PDP. Jam'iyyar da ta shiga Majalisar Dattijai da kujeru kimanin 60 ta wayi gari ana gardama a jaridu a kan ko har yanzu ita ce mai rinjaye. Cikin wannan ruɗani ne jami'an tsaron farin kaya suka tare ƙofar Majalisa ranar 7 ga Agusta, abin da ya sa Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Yemi Osinbajo, ya sallami shugabansu, Lawal Daura, a ranar.

Mutum fiye da 50 suka sauya jam'iyya a rana ɗaya, kuma ko ɗaya bai rasa kujerarsa ba. Ba don babu doka ba ne. Sashe na 68 na Tsarin Mulki na 1999, wanda ya gaji irin wannan tanadi daga na 1979, ya ce ɗan majalisar da jam'iyya ta tsayar, idan ya shiga wata jam'iyya kafin wa'adi ya cika, to ya bar kujerarsa. An yi togaciya guda: sai fa idan jam'iyyar tasa ce ta rabu, ko ta haɗe da wata. Kuma Kotun Ƙoli ta riga ta fassara wannan togaciya a watan Afrilu na 2015, a shari'ar Ifedayo Abegunde, wakilin Akure wanda ya bar jam'iyyar Labour ya koma ACN yana kafa hujja da rikicin reshen jiharsa. Kotun ta ce rabuwar da doka take nufi ita ce wadda ta kai ga shugabancin jam'iyya na ƙasa har ta hana shi aiki, ba rigimar jiha ko ta gunduma ba. Ta kuma ce ya sauka. Abin da ya rage wa hukuncin armashi shi ne ya fito ana saura makonni kaɗan wa'adin majalisar ya ƙare. Mutumin ya riga ya ci kusan shekara huɗu bisa kujerar.

'Yan siyasa sun karanta wannan hukunci da kyau, sun kuma ɗauki darasi biyu daga cikinsa. Na farko, kafin a fita a fara kafa ɓangare mai suna na ƙasa. Shi ya sa a farkon Yuli na 2018, makonni uku kafin babbar ficewar, aka ji sanarwar wani ɓangare na APC mai kiran kansa sabuwar APC a ƙarƙashin Injiniya Buba Galadima. Ko wannan rabuwa ce ta gaskiya ko kuwa laima ce aka ɗinka don ruwan da ake hange, ba a tsaya an tantance ba kafin wa'adi ya ƙare. Na biyu, shari'a tana da tsawon rai fiye da wa'adin majalisa.

Babban raunin dokar yana cikin ƙaramin sashe na biyu na sashe na 68. Shi ne ya ɗora aiwatar da ita a wuyan Shugaban Majalisar Dattijai da Kakakin Majalisar Wakilai, bayan an gabatar wa majalisar da shaidar da ta gamsar da ita. Watau a 2018 mutanen biyu da aka damƙa wa mabuɗin su ne suka fi kowa bukatar kada a buɗe ƙofar. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Kuma kada a ɗauka laifin mutum biyu ne ko na jam'iyya ɗaya. APC da ta yi kukan a karɓe kujerun masu fita a Yuli, ita ce ta yi gangamin tarbar Akpabio a Agusta. PDP da ta yi shewa a 2018, ita ce ta garzaya kotu a kan wakilanta 37 da suka koma APC a Disamba na 2013. Kowace jam'iyya tana tuna sashe na 68 ne ranar da aka fita daga gidanta.

Masu sauya sheƙa suna da hujjar da bai kamata a yi watsi da ita ba. Jam'iyyun ƙasar nan ba su cika bambanta da juna a aƙida ba, kuma a jihohi da yawa jam'iyya tana aljihun gwamna ne. Ɗan majalisar da ya saɓa da gwamnansa ya san ba zai ga tikiti ba, ko da mutanensa suna son sa. Tilasta masa zama a irin wannan gida zalunci ne. To, amma dokar ba ta hana shi fita ba. Abin da ta ce shi ne ya ajiye kujerar, ya koma ya tambayi waɗanda suka ba shi. A takardar ƙuri'a alamar jam'iyya ake dangwala wa, ba hoton ɗan takara ba. Tsohuwar da ta dangwala wa tsintsiya a 2015 saboda Janar Buhari, ko wadda ta dangwala wa laima don ba ta son sa, kowacce tana da ikon a sake tambayar ta kafin a ɗauki ƙuri'arta a kai gidan da ta ƙi.

Zaɓen 2019 ya nuna jama'a suna da amsa idan an tambaye su, kuma amsar ba ɗaya ba ce. Saraki ya sha kaye a Kwara ta Tsakiya a hannun Ibrahim Oloriegbe. Akpabio ya faɗi a mazaɓarsa ta Akwa Ibom. Gemade ya faɗi a Binuwai. Dogara kuwa ya sake cin kujerarsa ta Bogoro, Dass da Tafawa Ɓalewa a sabuwar jam'iyyarsa. Ashe wanda mutanensa suke tare da shi ba shi da abin tsoro a zaɓen cike gurbi. Wanda ba sa tare da shi kuwa ya yi wata goma yana magana da sunan waɗanda suka riga suka sallame shi a zuci.

Ana iya cewa ai akwai kiranye. Akwai shi a sashe na 69, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa sun sa hannu, an tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Da aka gwada shi a kan Dino Melaye a Kogi ta Yamma a watan Afrilu na 2018, sa hannun da aka iya tantancewa bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na masu rajista ba. Wannan ba makamin da talaka zai iya ɗagawa ba ne.

Indiya ta bi wannan hanya kafin Nijeriya. Ta yi dokar hana sauya sheƙa a 1985, ita ma da togaciyar rabuwar jam'iyya. Da aka ga 'yan majalisa sun mai da togaciyar ƙofar fita a ƙungiyance, sai aka soke ta a 2003. Amma ta bar hukunci a hannun kakakin majalisa, kuma kotunanta sun sha kokawa da kakakin da yake ajiye ƙorafi a aljihun tebur har wa'adi ya wuce.

Saboda haka gyaran da Nijeriya take bukata bai tsaya ga togaciya ba. A cire aiwatar da sashe na 68 daga hannun shugabannin majalisa, a ba Babbar Kotun Tarayya, da iyakar kwanaki kamar yadda aka yi wa ƙararrakin zaɓe, kuma kowane mai rajista a mazaɓar ya sami ikon kai ƙara. A fayyace cewa kwana talatin na cike gurbi suna farawa ne daga ranar mutuwa ko ranar hukunci, ba daga ranar da wasiƙar Majalisa ta isa Hukumar Zaɓe ba. A kuma sa wa dakatarwa iyakar da ba za ta wuce 'yan kwanakin zama ba, a bar sauran horon ya faɗa kan albashi da kujerar kwamiti, ba kan mazaɓa ba.

Wahalar ita ce gyaran Tsarin Mulki yana bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ta tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24, watau waɗanda za a ɗaure su ne za su kaɗa igiyar. Ba za su yi don son ransu ba. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ma'aikata da na lauyoyi, waɗanda suke kai takardu duk lokacin da kwamitin gyaran Tsarin Mulki ya zauna sauraron jama'a a shiyyoyi, su ne za su sa sashe na 68 a saman takardunsu, su kuma nemi kowane ɗan takarar majalisa ya faɗi matsayinsa a kai a bainar jama'a kafin ranar zaɓe.