Doki Ɗaya, Masu Shi Biyar: Hukuncin Tarayya A Dokin Sukuwa

  

Wata takarda ta iso mana daga Goronyo ɗauke da sa hannun mutum biyar: uku 'yan kasuwa ne masu safarar albasa da tafarnuwa zuwa kudu, ɗaya malamin makarantar firamare, ɗaya kuwa ma'aikacin ƙaramar hukuma. Sun roƙe mu da mu sakaya sunayensu, mun kuwa sakaya.

Abin da suka ce shi ne, bayan an kwashe albasa bara, sai suka haɗa kuɗi suka sayi wani kili na sukuwa. Sun kasa kuɗin kashi 10: biyu daga cikin 'yan kasuwar sun zuba kashi uku-uku, na ukunsu kashi biyu, malam da ma'aikaci kashi ɗai-ɗai. Aka kafa turke a gidan babbansu, aka ɗauki yaro mai hawa. Ba su rubuta kome ba, da baki suka yi magana: ciyarwa wata-wata, kowa da watansa, kyautar sukuwa kuma bi-da-bi, watau abin da dokin ya ciwo a fita ta farko na wane ne, na fita ta biyu na wane. Da Allah Ya tashi ikonSa, ranar da dokin ya zo na ɗaya aka ba shi babur, layin malamin makaranta ne, mai kashi ɗaya tak. Fita biyu da suka biyo baya kuwa ko ƙura dokin bai tsere wa ba. Yanzu ɗaya daga cikin masu kashi uku ya ce a ba shi kuɗinsa ya fita, har sun daina haɗuwa a majalisarsu ta bayan la'asar. Suna tambaya: mene ne hukuncin wannan tarayya tun daga tushenta, kuma babur na wane ne?

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mu yi wa waɗannan bayin Allah adalci, domin mun san akwai masu karatu da za su ce me ya kai malamin makaranta ga doki, linzami ai ya fi ƙarfin bakin kaza. Mu ba mu ga abin zargi ba. Wanda ya tashi a wannan yanki da son doki aka haife shi. Wurno, wadda ke nan kusa da su, ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a cikinta har ya rasu a can a 1837, kalmar ribaɗi kuwa asalinta a Larabci ɗaure dawaki ne a bakin iyaka domin tsaron Musulmi. Allah Ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu a farkon Suratul Adiyati. Ya kuma tabbata a Muwaɗɗa da Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere tsakanin dawakin da aka hore daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a hore ba kuma aka rage musu nisa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, Abdullahi ɗan Umar yana cikin mahaya.

Abin da ya sauya shi ne tsada. A da, doki na sarakuna ne da attajirai, talaka sai kallo ranar hawan Salla. Yau ma mai albashi ba zai iya da dawa da harawa da dusa da kanwa da magani da kuɗin motar da za ta kai dokin Sakkwato ko Argungu ba, in dai shi kaɗai ne. Amma in an haɗa hannu, sai ga mutumin da bai taɓa mallakar ko jaki ba yana tsaye a bakin fili, zuciyarsa na dukan uku-uku, yana cewa namu ne wancan na gaba. Kashi ɗaya cikin goma gare shi, amma murnar ba a kasa ta goma, cikakkiya take zo masa. Ga kuma zumunci: kilisar yamma, da hirar gindin turke, da tafiya tare. Wannan shi ne sirrin abin, ba riba ba.

Ba kuma Goronyo aka fara ba. A wani ƙauyen masu haƙar gawayi a yankin Wels na Birtaniya, mutum 23 sun riƙa zuba fam 10 kowane mako suna kiwon wani doki mai suna Dream Alliance, har ya ci babbar sukuwar yankinsu a 2009. Da aka cire ɗawainiyar shekaru, abin da kowa ya tashi da shi bai kai fam 1,500 ba. Wannan fa dokin da ya yi suna ke nan, balle dubban da ba a taɓa jin labarinsu ba. Saboda haka duk wanda aka zo masa da maganar doki da sunan jari, ya sake tunani. Wanda kuwa ya shiga don sha'awa da rarar kuɗinsa, bayan ya sauke haƙƙin iyali, ba mu da ta cewa.

To, tarayya a cikin dabba halal ce, babu saɓani. (Mu lura, sharika ake cewa da Larabci, kada wani ya ji ya ɗauka shirka ake nufi.) Amma tana da ƙa'ida a mazhabarmu ta Imamu Malik, ita ce riba da hasara da ɗawainiya duk suna bin gwargwadon abin da kowa ya mallaka. A nan ne mutanenmu suka fara tuntuɓe. Mai kashi ɗaya ya ciyar wata guda, mai kashi uku shi ma wata guda, wannan an danne ƙarami, ko da bai yi ƙorafi ba. Abin da ya dace shi ne a lissafa ɗawainiyar wata a kasa ta goma. In daga baya wani ya ga dama ya ɗauke wa ɗan'uwansa, wannan kyauta ce, ladansa na wurin Allah, amma kada a sa shi sharaɗi.

Tuntuɓe na biyu ya fi girma, shi ne kuma ya haifi rigimar. Malamai sun yarda abokan tarayya su yi karɓa-karɓa a kan amfanin abu na lokaci sananne: wane ya hau dokin wannan mako, wane mako mai zuwa, domin hawa amfani ne da aka san gwargwadonsa. Amma karɓa-karɓa a kan abin da dukiyar take samowa, Shaihu Halil ya hana shi a Muhtasar ɗinsa, a babin rabo, ko da na yini ɗaya ne. Dalili kuwa a fili yake: ba wanda ya san abin da yinin zai zo da shi. Wani ya tashi da babur, wani ya tashi da ƙura, alhali dokin nasu ne duka, dawar da ya ci ta kowa ce. Caca ce ta shigo ta bayan gida ba su sani ba. Saboda haka sharaɗin nan ɓatacce ne. Malam, ka yi haƙuri, babur ba naka ba ne kai kaɗai. A yi masa kuɗi, a kasa goma, in kana sonsa ka biya sauran kashi tara ka riƙe. Su kuma su mayar maka da rarar ciyarwar da ka yi wadda ta wuce kasonka.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan wata tambaya da masu takarda ba su yi ba, ita ce kuwa ta fi kowace nauyi: daga ina babur ɗin ya fito?

Karɓar kyauta a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya Shari'a ta yi rangwame a kansa, domin su ne kayan shirin kare addini. Siffar da babu ƙura a cikinta ita ce wani wanda ba ya cikin tseren ya sa kyautar, kamar sarki, ko gwamnati, ko attajiri, ko kamfani mai sana'ar halal. Siffa ta biyu, ɗaya daga cikin masu tseren ya sa, in an tsere masa wanda ya tsere ya ɗauka, in shi ya tsere kuma kyautar ba ta komawa aljihunsa, ta waɗanda suka halarta ce. Siffa ta uku ita ce kowane mai doki ya zuba, na gaba ya kwashe. Wannan haramun ce. Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya sun halatta ta idan aka shigar da wani doki na daban wanda mai shi bai zuba kome ba, kuma yana iya cinyewa, shi ake kira muhallili, amma mashahurin zance a wurin Malikiyya ko da shi ba ta halatta.

Don haka ya wajaba ga mai doki ya tambayi masu shirya sukuwa: kuɗin rajistar da muke biya, gyaran fili da alƙalai yake tafiya, ko shi ake tarawa a ba wanda ya ci? In na farko ne, babu laifi. In na biyu ne, sauya suna ba ya sauya hukunci. Kada kuma a ce sukuwa ba ta yiwuwa sai da caca. Gaskiya ne a Ingila wani yanki na kyaututtukan daga harajin 'yan caca yake fitowa, amma Dubai ta fara babbar gasarta a 1996, Saudiyya ta fara tata a 2020 da kyautar dala miliyan 20, dukansu kuwa ba tare da buɗe tagar caca a fili ba.

Game da waɗanda ke tsayawa bayan igiya suna cewa in kili ya zo ga dubu goma, wannan ba ya bukatar dogon bayani. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya da gumaka. Mai kashi a doki shi ya fi kowa kusa da wannan rami, domin yana ganin ya san sirrin dokinsa.

Mu koma ga mai son fita. Ba shi da ikon cewa a mayar masa da kuɗin da ya zuba, domin ba rance ya bayar ba, saye ya yi. Abin da ya mallaka shi ne kashi uku cikin goma na dokin kamar yadda yake a yau, ko ya yi daraja ko ya faɗi. A kira masana biyu amintattu, irin dillalan dabbobi na kasuwar Achida ko na Goronyo, su yi masa kuɗi, sauran su sayi kasonsa. Yana iya sayar wa bare, domin shuf'a a mazhabarmu tana ga gida da gona ne, ba ta shiga dabba, amma mutunci ya sa ya fara taya wa abokansa. In kuwa sun ƙi saye, kuma kasonsa zai karye in aka sayar da shi shi kaɗai, malamai sun ba alƙali ikon sa a sayar da dokin gaba ɗaya a raba kuɗin. Ba ma fatan abin ya kai nan.

Akwai kuma abin da ba a son ambata, watau mutuwa da sata. Doki rai gare shi, ciwon ciki na dare ɗaya yana kayar da ingarma, sa'an nan halin da gabashin Sakkwato ya shiga na satar dabbobi ba ɓoyayye ba ne. Ko inda ake taƙama da tsaro abin ya faru. Shergar, wanda ya ci babbar sukuwar Ingila a 1981, an kasa shi kashi 40, kowane kashi fam 250,000. A watan Fabrairu na 1983 'yan bindiga suka ɗauke shi daga bargarsa a Ailan, har yau ba a gan shi ba. Hukunci a nan shi ne, wanda dokin ke gidansa amana ce a hannunsa. In ya mutu ko aka sace ba da sakacinsa ba, hasara ta kowa ce gwargwadon kashi. In kuwa ya ba da aronsa ba da izini ba, ko ya bar shi da yunwa, sai ya biya.

Wanda ya fi ba mu tausayi a cikin takardar nan shi ne yaron da ke hawa, domin layi ɗaya kurum aka yi masa: an ce in an ci za a san abin da za a ba shi. Wannan ba ijara ba ce. Lada dole a san shi tun farko, a yanka masa albashi na wata, in an ci a ƙara masa tukwici. Sa'an nan shekararsa nawa? Imamu Malik ya ƙi a ɗora yaran da ba su balaga ba a kan dawakin tsere. Mun san ana son su ne don rashin nauyi. Amma mutanen jihar nan ba su manta ba, Gwamna Shehu Kangiwa, babban mutum wanda ya san doki, faɗuwa daga kan doki ce ta zama ajalinsa a filin folo na Kaduna a 1981. To, ina ga ɗan shekara 12 da ba shi da ko hular kwano? In ya karye, wa zai yi jinyarsa, a cikin ku biyar?

Shawararmu, ku zauna gaban limaminku da shaidu biyu, a rubuta kason kowa, da wanda ke riƙon asusu, da wanda ke da ikon cewa a fita sukuwa ko a huta, da abin da za a yi in wani ya rasu kasonsa ya koma ga magada. Kowa ya riƙe kwafi.

Tambayarku ta ƙarshe a kan zakka ce. Babu zakka a kan dokin hawa ko na sukuwa. In an saye shi da niyyar sayarwa don riba, ya zama hajar kasuwa, hukuncinsa na kayan ciniki ne. Kuɗin babur kuwa, abin da ya zo wa kowa ya zama dukiyarsa, sai ya duba nisabi da cikar shekara. Batun karɓar lada a kan barbarar goɗiya, wanda wani mai karatu daga Rabah ya aiko, yana da tsawo, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.