Yauri Biyu a Kanta Ɗaya: Matsayin Harshe a Aikin Ɗakin Karatu

Ɗalibin da ya fito daga Yauri ta gundumar Kance, a jihar Damagaram, idan ya zauna gaban kwamfuta domin neman abin da aka rubuta game da garinsu, wata Yauri ce daban za ta fara tarbarsa. Zai ga masarautar Yauri ta jihar Kebbi a Najeriya, da Yelwa, da bakin kogin Kwara, da jerin sarakunanta. Garinsu ba zai ɓullo ba sai ya tuna cewa takardun hukuma sun rubuta sunan da ƙa'idar Faransanci, wato Yaouri. Haka Matamaye take da rubutu biyu ko uku, haka Kance ta zama Kantché, haka kuma Damagaram ta ɓuya a bayan Zinder. Wanda ya kamata ya haɗa masa waɗannan sunaye wuri guda, ya kuma raba masa Yauri da Yauri, shi ne ma'aikacin ɗakin karatu. Abin tambaya shi ne ko horon da ake ba wannan ma'aikaci ya tanade shi domin irin wannan aiki.

An daɗe ana bincike a kan ƙwarewar da ta wajaba ga masu wannan sana'a, har ya kai ga ana binciken binciken kansa. Manazarta kan shiga manyan rumbunan maƙalu kamar Scopus, wanda ya fara aiki a 2004, ko Web of Science, su ƙidaya abin da aka wallafa da kalmomin da suka fi yawan fitowa, su ce ga inda fage ya dosa. Alƙiblar a fili take. A da an fi magana a kan tsara littattafai da amsa tambayoyin masu karatu. Daga baya hankali ya koma kan kwamfuta da intanet, da koya wa ɗalibai tantance sahihin bayani, da adana bayanan bincike, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ce ke tashe. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fitar da jerin ƙwarewarta a 2009, ta sabunta shi a 2023, ita kuma ƙungiyar duniya ta IFLA ta fitar da jagorar horar da ma'aikata a 2022.

Babu mai musun amfanin waɗannan ƙwarewa. Sai dai mudun da ake awon da shi yana da gefe. Rumbunan da ake ƙidayar a cikinsu mujallun Ingilishi ne suka cika su, waɗanda aka rubuta a ƙasashen da littafi da mai karatu da ma'aikaci duk harshe ɗaya suke ji, rubutu ɗaya suke yi. A can sanin harshe abu ne da aka riga aka ɗauka akwai shi, don haka ba ya shiga jeri sai a dunƙule, a ƙarƙashin girmama bambancin al'adu. Idan aka kwaso jerin yadda yake aka kafa a Damagaram ko Maraɗi, to an kwaso shi ne da giɓinsa, giɓin kuwa ya faɗo daidai inda aikin ya fi nauyi.

A fara da boko, wanda ake ganin mai sauƙi ne. Hausa na da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kuma tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutunta tsakanin ƙasashe. Duk da haka Nijar, bisa ƙa'idar da ta tsayar a 1999, tana rubuta ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y. Tsofaffin bugu kuma, na kafin ƙugiya ta zauna, sun yi amfani da ɗigo ko waƙafi. Ma'aikacin da ya shigar da sunan littafi babu ƙugiya ya mayar da ƙasa kasa, ya mayar da ƙafa kafa. Wanda ya shigar da ƙugiya ba tare da ya tanadi hanyar nema ta biyu ba ya ɓoye littafin ga ɗalibin da wayarsa ba ta da waɗannan haruffa. Duka biyun kuskure ne, kuma gyaransu na buƙatar wanda ya san dalilin da ya sa k da ƙ sautuka ne mabambanta, ya kuma san yadda na'ura ke adana kowannensu. Ga kuma batun karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Kalmar fari a matsayin kan batu, launi ake nufi ko rashin ruwan sama? A yankin da manoma ke rayuwa da damina ɗaya, wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Sunayen mawallafa ma wani rikici ne. Tsarin Turawa ya ginu a kan sunan dangi, shi ya sa ake juya Sa'adu Zungur ya koma Zungur, Sa'adu, alhali Zungur sunan wuri ne. Abubakar na Kano shi ne Aboubacar na Yamai, Ɗan Gurmu shi ne Dan Gourmou. Haka nan kalmomin aro sun raba gari: mai neman bayani a Matamaye zai iya cewa lakkwal ko likita, a inda littafin da aka buga a Zariya ya ce makaranta ko asibiti. Littattafan adabin kasuwar Kano, waɗanda suka daɗe suna ƙetaro iyaka, da yawansu ba su ɗauke da shekarar bugu ko lambar littafi ta duniya, sai mai tsarawa ya yi ta lalube da sanin marubutan da zamaninsu.

Ajami ya fi duk wannan zurfi. Cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, na riƙe da rubutattun takardu kimanin 4,000 na Larabci da ajami, waɗanda tushensu tarin da marigayi Boubou Hama ya faro ne. Gidan Arewa na Kaduna, da aka kafa a 1970, shi ma yana da nasa. Abin da ke cikin gafakokin malamai a ƙauyuka kuwa yana hannun magada, gara da ɗigon ɗaki na aikinsu a kai. Ana iya ɗaukar hoton dubban shafuka cikin mako guda, kuma shirye-shirye irin na Ɗakin Karatun Birtaniya da na Jami'ar Boston sun nuna haka. Amma hoto ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Dole a sami wanda zai gane rubutun Magaribi, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya san ɗigon imala na ruwayar Warshu da marubutan Hausa suka ara domin wasalin e. Wanda zai bambanta mawallafi da mai kwafi a ƙarshen takarda. Wanda kuma zai warware ramzi, wato shekarar da mawaƙi ya ɓoye cikin haruffa, ta hanyar hisabi. Kafin duk wannan ma sai ya tantance ko takardar Hausa ce ko Fulatanci ko Barbarci, domin a Damagaram duk ana iya cin karo da su. Almajirin da ya sauke a tsangayar Yauri ya riga ya mallaki rabin wannan ilimi, amma babu wani jerin ƙwarewa da ya san da zamansa.

Makarantun sana'ar ba sababbi ba ne. EBAD ta Dakar, wadda ta horar da ma'aikata da dama na ƙasashe masu aiki da Faransanci, tana nan tun 1967, sashen Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tun 1968. Kowace ta gaji harshen aikinta da tsarin rabon iliminta daga waje. A tsarin Dewey, misali, Ingilishi da Faransanci kowanne na da babban rukuni nasa, Hausa kuwa sai an gangara har 493.72 kafin a same ta. Wannan ba ya hana aiki, amma yana nuna idon da aka kalli duniya da shi lokacin da aka zana tsarin.

Wasu za su ce ƙirƙirarriyar basira na gab da ɗauke wannan nauyi. Gaskiya ne na'ura na ƙara iya Hausar boko, amma daga abin da mutane suka rubuta take koyo, kuma mafi yawan Hausar intanet ba ta da ƙugiya, karin Kano ne kuma ya rinjaye ta. Idan bayanan da aka ba ta sun gauraya Yauri biyu, ita ma gauraya su za ta yi, cikin sauri kuma da cikakken tabbaci. Wasu kuma za su ce ƙaramar hukuma irin Yauri rijiya da aji take buƙata kafin masanin ramzi. Wannan magana na da nauyi, sai dai ba a ce kowane ƙauye ya ɗauki masani ba. Aikin tsarawa sau ɗaya ake yin sa a jami'a, kowa ya amfana.

Lokacin ma ya matsa. Kundin sake gina ƙasa da Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk yadda mutum ya ɗauki wannan mataki, idan aka bi shi da aiki takardun Hausa za su ƙaru a ofisoshi da makarantu, kuma wani ne zai tsara su.

A nan ne nauyi ya hau kan sassan nazarin harshe, domin su ne ke koyar da tsarin sauti da ƙa'idojin rubutu da karin harshe, amma da wuya a ji malami ya nuna wa ɗalibinsa ɗakin karatu a matsayin wurin aiki. Jami'ar André Salifou ta Damagaram, mai ɗauke da sunan marubucin tarihin wannan masarauta, na iya buɗe darasi ɗaya na haɗin gwiwa tsakanin malaman harshe da ma'aikatan ɗakin karatunta, a kuma gayyato alaramma ya koyar da karatun ajami. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri kuwa yana iya ɗaukar ƙananan hukumomi 9 na gundumar Kance, ya bi ƙauyukansu, ya rubuta sunan kowanne yadda mazaunansa ke furta shi, da yadda hukuma ta rubuta shi, da yadda malamai ke rubuta shi da ajami, ya miƙa wa ɗakin karatu kwafi ɗaya.