FILIN MATA: In Ɗan Karen Gidanku Ya Kama Tari

Ga shi hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, duk gidan da aka shiga sai a ji tari da atishawa. To, ba mutane kaɗai iskar nan ta ke wahalarwa ba, har da dabbobin da ke hannunmu. Makon nan za mu yi magana a kan ƙananan karnukan nan na Turai da na ƙasar Sin, waɗanda yanzu ake samu a gidajen ma'aikata a manyan garuruwa.

Na sani yawancinmu karen gadi muka sani da na farauta, shi ma a waje ya ke kwana. Amma akwai gidajen da maigida ko yara suka kawo ɗan ƙaramin kare, wahalarsa kuwa a kan uwargida ta ke ƙarewa. Dabbar da aka ajiye amana ce, ba ta da bakin da za ta faɗi inda ke yi mata ciwo. Saboda haka ya kamata mace ta san wace ƙara ce ba kome, wace ce kuma ta garzayawa wurin likita.

Karnukan da na ke nufi su ne irin su Ciwawa na ƙasar Meksiko, da Yokshiya na Ingila, da Fomeraniya mai yawan gashi, da Lasa Afso, da Fekinis da Fug masu dakakkiyar fuska. Waɗansunsu nauyinsu bai wuce kilo 3 ba, watau kamar jariri sabuwar haihuwa. Hanyar numfashinsu ƙunci gare ta, shi ya sa abu kaɗan ke tayar musu da hankali.

Atishawar ja-ciki

Wannan ita ce ta fi ba mata tsoro, alhali kuwa ita ce mafi sauƙi. Atishawar da muka sani iska ce ake fyato wa waje. Ita wannan kuwa ciki kare ke jan iskar ta hanci, da ƙarfi, a jere a jere. Za ki ga ya tsaya cik, ya buɗe ƙafafunsa na gaba, ya miƙe wuya, idanu sun firfito, baki a rufe, yana wani irin minshari mai ƙara kamar zai shiɗe. Bayan 'yan daƙiƙu, ko minti ɗaya in ta yi tsawo, sai ya haɗiye yawu, ya kaɗa wutsiya, ya koma wasansa kamar ba abin da ya faru.

Dalilinta shi ne, can ƙarshen ganɗa akwai wani tattausan nama da ke tsakanin hanyar hanci da maƙogwaro. In wani abu ya sosa wurin sai naman ya ɗaure na ɗan lokaci, karen kuma ya yi ta jan iska don ya kawar da abin. Masu dakakkiyar fuska naman nan nasu ya cika tsawo, don haka su ta fi kamawa. Abubuwan da ke tayar da ita duk muna da su a gida: ƙurar shara, hayaƙin murhu, turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, ƙaurin barkono, ƙaiƙayi lokacin sussuka. Murnar ganin yara sun dawo daga makaranta ma tana kawo ta, haka nan shan ruwa da gaggawa, ko fizgar igiyar wuya.

In ta taso, abu na farko ki natsu, gama kare na karanta fuskar uwargijiyarsa. Kada ki ɗaga shi sama, kada ki girgiza shi, kada ki ɗura masa ruwa. Ki yi masa magana a hankali, ki shafa maƙogwaronsa daga sama zuwa ƙasa don ya haɗiye yawu, haɗiyar nan ce ke sakin naman. In naku ne, kin san halinsa, an kuma yi masa allurarsa, kina iya toshe ƙofofin hancinsa da yatsa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sa'an nan ki saki. Ki fitar da shi daga inda hayaƙi ya ke.

In sau ɗaya ne jifa-jifa, ba ta bukatar magani. Amma in ta zama ta kullum, ko kin ga majina ko jini na fita, musamman ta hanci ɗaya, ko yana ta sosa fuska da ƙafa, to, a kai shi a duba. Mai yiwuwa ne ɗan haki ya maƙale a ciki, ko ƙananan ƙwari, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko wani tsiro.

Tari kuwa daban ne

Ga yadda za ki rarrabe. Mai atishawar ja-ciki bakinsa a rufe ya ke, iska na shiga. Mai tari bakinsa a buɗe, iska na fita, sau da yawa kuma ya ƙare da kakarin amai, ya zubar da ɗan farin kumfa. Tari a wurin ƙaramin kare ba abin rainawa ba ne. Iri uku suka fi yawa.

Na fari shi ne lotsawar maƙogwaro. Bututun da ke kai iska huhu an yi shi ne da zobba na guringuntsi, su ke riƙe shi a buɗe. A waɗansu ƙananan karnuka, musamman Yokshiya da Fomeraniya da Ciwawa, zobban nan kan yi laushi in shekaru sun fara ja, sai bututun ya riƙa lotsawa. Tarin busasshe ne, mai ƙara kamar kukan dinya, yana tasowa in kare ya yi murna, ko ya yi haushi da yawa, ko an ja shi da igiya, ko rana ta yi zafi. Ba ya warkewa ɗungum, amma da magani da kulawa kare na yin shekaru da shi lafiya lau.

Na biyu tarin da ake ɗauka. Shi kamar mura ya ke a tsakanin yara, kare na shafa wa kare, yawanci bayan an haɗa su wuri ɗaya ko an sayo sabo daga wurin masu sayarwa. Karen na cin abincinsa, yana wasa, tarin ne kawai ke damunsa, kuma ya kan wuce cikin mako ɗaya zuwa uku. A ware shi daga sauran, a ba shi hutu da ruwa. Amma fa in ɗan kwikwiyo ne da ba a yi wa allura ba, ga tari, ga kwantsa a ido, ga majina mai kauri, ga ƙin abinci, wannan babbar cuta ce mai kisa, kada a kwana ba a ga likita ba.

Na uku tarin zuciya, na tsofaffi. Akwai wata 'yar ƙofa a cikin zuciya da ke hana jini komawa baya. In ƙaramin kare ya tsufa ta kan lalace, zuciya ta kumbura, daga baya ruwa ya taru a huhu. Alamarsa tari da dare ko da asuba, da saurin gajiya, da haki ba tare da ya yi gudu ba. Yanzu akwai magani mai suna pimobendan. Wani babban bincike da aka buga a 2016 ya nuna in an fara ba da shi tun zuciya ta soma kumbura, yana jinkirta tsanantar ciwon da kamar wata 15. Kin ga amfanin zuwa da wuri.

Ga wata dabara da kowace mace za ta iya, ba ta cin ko kwabo. In kare ya yi barci sosai, ki dubi haƙarƙarinsa. Tashi da sauka numfashi ɗaya ke nan. Ki ƙirga na rabin minti, ki ninka biyu. Mai lafiya ba ya wuce 30 a minti yana barci. Ki rubuta a ɗan littafi, in kin ga lissafin na hawa kwana bayan kwana, ya haura 30, a kai shi. Haka kuma in tari ko atishawar ta taso, a ɗauki hotonsa mai motsi da waya, gama da wuya ya yi a gaban likita, gani kuwa ya kori ji.

Ki kuma saba da duba dasashinsa tun yana lafiya. Launinsa ja-ja ne mai haske. In ya koma fari fat, ko toka-toka, ko shuɗi-shuɗi, ko karen ya faɗi a sume, ko ya kasa kwanciya saboda neman iska, wannan ba na jiran maigida ya dawo ba ne.

Gargaɗi biyu

Na ɗaya, kada ki ba shi maganin mutane. Ƙwayar ciwon jiki irin ibuprofen tana ƙona cikin kare, ta lalata ƙodarsa. Farasitamol ɗaya na babba ya yi wa kare mai kilo 3 yawa ƙwarai, yana iya taɓa hantarsa. Waɗansu magungunan tari na ruwa kuma akwai wani abin zaƙi a cikinsu mai suna zailitol, guba ne ga kare. Haka nan kada a ɗura masa manja ko jiƙo, gama mai wahalar numfashi in aka ɗura masa abu huhu ya ke tafiya.

Na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi ran 'ya'yanmu. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, kuma ba kullum ya ke zuwa da cizo da hargowa ba. Wani lokaci shanye maƙogwaro ya ke yi, sai a ga kare baki a sake, yawu na dalala, muryarsa ta sauya, ya kasa haɗiya, kamar ƙashi ya maƙale masa. Mai tausayi sai ya sa hannu ya ciro ƙashin, alhali cutar a cikin yawun ta ke. Kada ki sa hannu a bakin kare irin wannan, ko naku ne, ki kuma hana yara. A rufe shi, a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda aka ciza ko aka yakusa a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, domin in alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum ba a tashi. Allurar rigakafi ana yi wa kwikwiyo tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin irin wannan allura, akwai kuma asibitocin koyar da likitocin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ban da ofisoshin dabbobi na jihohi.

Abin da ke hannunki

Ki cire masa abin wuya, ki sa masa ɗamara mai zagaye ƙirji, a ɗaura igiyar a gadon baya. Wannan kaɗai na rage tari da yawa. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki fitar da shi in za ki sa turare a kasko ko za a soya barkono. Ki wanke shimfiɗarsa, ki sa ta inda iskar asuba ba ta bugunsa. In bazara ta zo kada a fita da shi da tsakar rana. Sa'an nan ki lura da ƙiba. Ragowar tuwo da kitse da yara ke jefa masa ba gata ba ne, kitsen wuya da na ƙirji matse hanyar iska ya ke yi. In kin shafa gefensa ba ki ji haƙarƙari ba, a rage masa. Bayan kin taɓa shi kuma a wanke hannu da sabulu, kwanonsa daban da na gida.

Ku kuma 'yan makaranta, ƙirgar numfashin nan aikinku ne, ku kuka fi mu ido da lissafi. Wadda ta ji aikin ya yi mata daɗi ta riƙe darasin kimiyya da kyau, gama akwai mata likitocin dabbobi a ƙasar nan, ana kuma bukatar ƙari.

Allah ya ba mu lafiya, mu da abin da muke kiwo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.