Kafin Ka Sayi Injin Niƙa Gahawa, Dubi Butarka

Zancenmu na wannan mako a kan gahawa ne, kuma wata asara da na tafka ita ce ta jawo shi.

Kwanakin baya wani abokin aikina ya dawo daga Adis Ababa ta ƙasar Habasha, ya kawo mini tsarabar soyayyar ƙwayar gahawa. Don ɗoki, sai na juye ta a injin markaɗen uwargida na kunna. Abin da ya fito rabi gari ne, rabi tsaki. Da na dafa, ga ɗaci kamar maɗaci, ga tsami, ga kuma warin tattasai. Na yi ta zargin ƙwayar, alhali kuwa laifin niƙa ne.

Dalili shi ne, ruwan zafi yakan janye ɗanɗanon gari mai laushi nan da nan, na tsaki kuwa sannu a hankali. Idan suka haɗu a buta ɗaya, kafin tsakin ya saki abin da ke cikinsa, garin ya riga ya wuce ƙa'ida. Garin ya kawo ɗaci, tsakin ya kawo tsami. Saboda haka abin nema ga injin niƙa shi ne ya fitar da gari bai ɗaya, kuma daidai da irin dahuwar da mutum ke yi.

Kowace dahuwa da nata niƙan. Gahawar Turkawa, wadda ake dafawa a ɗan ƙaramin kasko mai dogon hannu a sha ba tacewa, tana son gari luƙui kamar fulawa. Ta Italiya da ake kira esfireso, inda na'ura ke tura ruwa da ƙarfi ya ratsa garin cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, tana son laushi irin na gishirin tebur. Butar nan mai hawa biyu ta kamfanin Bialetti, wadda ta fito a 1933, tana son wanda ya ɗan fi wannan kauri. Tacewa da takarda, dabarar da wata Bajamushiya, Melitta Bentz, ta ƙago a 1908, tana son matsakaici kamar yashi. Butar gilashi ta Faransawa kuwa, wadda ake jiƙa gahawa a cikinta minti 4 sannan a danna rariya ƙasa, sai ɓarzajje. Watau dai gwargwadon daɗewar ruwa tare da gahawa, gwargwadon kaurin niƙa.

Injinan da ke kasuwa iri biyu ne. Akwai mai wuƙa da ke juyawa kamar farfela. Shi ne mafi araha, amma sara yake yi ba niƙa ba, kuma ɗan'uwan injin markaɗen da ya ɓata mini tsaraba ne. Akwai kuma mai haƙora biyu na ƙarfe ko na tangaran, wanda ke murƙushe ƙwaya a tsakaninsu kamar dutsen niƙa da ɗansa. Ana iya matse haƙoran ko a sassauta su, ta haka inji guda zai ba ka gari yau, ya ba ka tsaki gobe. Wannan shi ne abin saye.

Shi ma akwai na lantarki, akwai na hannu. Mai na'urar esfireso ya nemi wanda saitinsa ke da matakai da yawa kusa da kusa, domin ƙaramin bambanci kan ɓata kofin, kuma ya shirya kashe kuɗi. Wanda kuwa ke tacewa da takarda ko jiƙawa a buta, kofi ɗaya ko biyu da safe, na hannu ya wadatar da shi, ba ruwansa da an ɗauke wuta. Kada a raina shi: kamfanin Peugeot da muka sani da mota ya fara ƙera injin niƙa gahawa na hannu tun 1840, shekaru da dama kafin motarsa ta farko.

Turmi ma yana da nasa wuri. A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa ke da yawa, ana soya ƙwayar a kan gawayi, a daka ta, a dafa da citta a butar ƙasa da suke kira jabana. Mai irin wannan dahuwa bai bukatar inji, sai dai ya keɓe ƙaramin turmi wanda yaji da daddawa ba su taɓa shiga ba.

Abu na ƙarshe, a niƙa abin da za a sha a lokacin kaɗai, domin ƙamshin gahawa ba ya daɗewa bayan niƙa. Ni dai na sayi na hannu, na kuma mayar wa uwargida injinta tare da ban haƙuri.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.