Hoton ɗan ƙwaya: a nuna cutar, a rufa wa mutum asiri

A watan Satumba na 2016 'yan sandan wani gari a jihar Ohayo ta Amurka suka saka wani hoto a Facebook: namiji da mace sun sume a gaban mota saboda ƙwaya, ga yaro ɗan shekara 4 a kujerar baya, ido biyu. Ba su rufe fuskar kowa ba, har ta yaron. Hoton ya zaga duniya. Wasu suka ce ya farkar da jama'a, wasu suka ce an ɗora wa yaron abin kunyar da ba shi ya jawo ba. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya.

Ba na musun ƙarfin hoto. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da fim kan maganin tari mai kodin, aka ga samari ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a Kano. Washegari gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin da shigo da shi. A Fabrairun 2025 wani binciken ya nuna matasan Tamale da ƙwayoyin da ake haɗawa a Mumbai, cikin 'yan kwanaki Indiya ta haramta haɗin. An daɗe ana wannan magana, sai da ido ya gani hukuma ta motsa.

To amma mu duba abin da ke yawo a wayoyinmu a zango. Yaro ya sha, yana tsaye yana gyangyaɗi a bakin titi, wani ya zaro waya ya ɗauka, ya haɗa da kiɗa, ya tura WhatsApp. Ranar farko mutum zai ji tsigar jikinsa ta tashi. Ya ga na goma, sai dariya. Wallahi wannan ya fi ba ni tsoro, domin zuciyar da ta saba kallo ba ta ƙara tambayar wa ya sayar wa yaron.

A matsayina na mai koyarwa, na san inda abin ke ƙarewa. Wannan yaron yana da ƙanwa a aji, kuma 'yan ajinsu sun gani. Yana da uwa da ke zuwa kasuwa. Ko ya daina sha, bidiyon na nan ranar da zai nemi aiki ko aure.

Saboda haka ina kira ga masu ɗaukar hoto: ku nemi izinin mutum lokacin da yake cikin hayyacinsa, ku rufe fuskar yara, ku juya kyamara wajen dillalai da masu shigo da kayan. Mu kuma masu kallo, kafin ka tura, tambayi kanka ko za ka tura in ɗan'uwanka ne. In a'a, goge shi, ka nemi iyayen yaron a kai shi asibiti.